Maigida na so ya sayar da gidanmu mu koma Alanya, a ba ni shawara

Saƙo daga wata 'yar uwa (an ɓoye suna):

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a saka mini wannan a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a zauren nan.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya daɗe yana zuwa Santambul sarin dogayen riguna da kayan yara. A watan Mayun da ya wuce ya tafi da ni, da ya gama lodi muka wuce Alanya, a bakin tekun Bahar Rum da ke kudancin Turkiyya. Mun sauka a irin otal ɗin nan da ba a sayar da giya, mata da wurin wankansu daban. Gaskiya garin ya shiga raina. Duwatsu ta baya, teku ta gaba, gonakin ayaba har bakin titi, wuta ba ta ɗaukewa, kiran salla kana jin sa daga ɗaki.

A can wani dillali ya liƙe masa, ya kai mu unguwar Mahmutlar ya nuna mana gida a saman bene, ɗaki biyu da falo, kana hango ruwa daga baranda. Ya ce da zarar an saya za a ba mu takardar zama mu duka, nan gaba a ba mu fasfo, kuma in mun zo gida hutu sai a riƙa bai wa 'yan yawon buɗe ido haya ta kwanaki, kuɗin ya dawo.

Tunda muka dawo ba shi da zance sai wannan. Yana so ya sayar da gidan da muke ciki da wani filinsa. Mu biyu ne a wurinsa, ni ce uwargida da 'ya'ya huɗu, abokiyar zamana tana da biyu. Ya ce ni zan fara tafiya da yarana, ita a kama mata haya, daga baya ta biyo mu. Babbar 'yata tana aji huɗu a sakandare, mai bi mata kuma ya yi nisa a hadda. Ina son wurin, amma duk sanda na tuna za a sayar da gidan sai gabana ya faɗi. Waɗanda suka san ƙasar, ku taimaka mini da gaskiya.

Hajiya Mai Laleli:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, nawa ne kuɗin gidan? Ya kai dala dubu 200?

Mai tambaya:

A'a Hajiya, ya ɗan haura rabin haka ne.

Hajiya Mai Laleli:

To dillalin nan bai gaya muku gaskiya ba. Tun watan Oktoban 2023 gidan da baƙo zai saya ya nemi takardar zama da shi, wadda suke kira ikamet, sai ya kai dala dubu 200 a rubuce a takardar mallaka. Fasfo kuwa sai dukiyar ta kai dala dubu 400, tun Yunin 2022 aka ɗaga daga dubu 250, kuma ba za ka sayar ba sai bayan shekara uku. Gidanku ko ɗaya bai kai ba. Za su sayar muku, babu mai hanawa, amma mallakar gida daban, izinin zama a ƙasar daban. Na san waɗanda suke da gida a can, amma da bizar ziyara suke shiga, ta ƙare su fito.

Sannan ita Mahmutlar ɗin da kika ambata. A 2022 gwamnatinsu ta rufe unguwanni sama da dubu ɗaya ga sabbin baƙi masu neman ikamet, wuraren da baƙi suka haura kashi 20 cikin ɗari na mazauna. A Alanya an saka Mahmutlar da Kestel da Kargicak da Avsallar. Jerin yana canzawa, don haka Alhaji ya je ofishin shige da ficensu da kansa ya tambaya da sunan unguwar, kada ya tsaya a bakin mai neman la'ada.

Ɗalibi a Antalya:

Anti, ina karatu a Jami'ar Akdeniz, tsakaninmu da Alanya wajen kilomita 130 ne, ina zuwa. Kin je a Mayu, lokacin da garin ya fi daɗi ke nan. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, ba busasshen zafin Kano ba, ka yi wanka ka fito jikinka na danƙo. Bakin ruwa kuma ya cika da mutanen Rasha da Jamus da sauran Turai, da shigar da ba za ki so yaranki su riƙa gani ba. A otal katanga ce ta kare ku. A unguwa, wurin wankan da ke tsakar benen na kowa ne, maza da mata.

Hunturu ne ba a ba ku labari ba. Daga Nuwamba otal-otal da yawa suke rufewa, shagunan bakin titi su ja ƙofa sai bazara. Disamba da Janairu ruwa ake yi, wani lokaci kwana da kwanaki. Gidajen can don zafi aka gina su, ƙasa tayil, yawanci babu abin ɗumama ɗaki sai na'urar AC. Tankin ruwan zafin kan rufi da zafin rana yake aiki, ranar da hadari ya rufe sai ka nemi na lantarki. Ɗakin da na fara zama, na ja durowa na tarar bangon ya yi baƙi da funfuna, takalmana na fata duk sun yi fari-fari. Sanyin bai kai na Ankara ba, amma mai laima ne, yana shiga ƙashi.

Batun yara shi ya fi damuna. Makarantar gwamnati da Turkanci zalla ake koyarwa. Ƙanana za su kama cikin shekara, amma mai aji huɗu a sakandare za ta sha wuya sosai, ga jarrabawar WAEC da ta tunkaro. Masu koyarwa da Turanci na kuɗi ne, kuma kuɗi ne mai nauyi. Islamiyya irin tamu ta kullum da yamma babu ita. Masallatai kan yi darasin Alƙur'ani na yara a dogon hutu. Huɗubar Juma'a ma da Turkanci ake yi.

Baban Yara, Kaduna:

Ni ban yarda a tsoratar da baiwar Allah gaba ɗaya ba. Mutumin nan ba mahaukaci ba ne. Ya gaji da janareto, ya gaji da fargabar hanya, yana son iyalinsa su kwana hankali kwance. Ƙasa ce ta Musulmi, nama halal ne a mahauta, asibitoci masu kyau, tumatur da lemo da ayaba duk a yankin ake noma su. Mutanenmu suna zaune a Masar da Dubai da Malesiya da iyalansu, ba su lalace ba. Abin da ban goyi baya ba shi ne sayar da gida. Amma niyyar kanta ba laifi ba ce, kuma 'yar uwa, kada ki tunkare shi kamar ya yi wauta, sai ya ƙara kafewa.

Ɗan Kwari:

Hajiya, ni abokin sana'ar maigidanki ne, ko da ban san shi ba. Tambayata ɗaya: da me za a ci abinci? Kayanmu a Santambul suke, Laleli da Merter da Osmanbey, masu kago zuwa Kano ma a nan suke. Alanya ba garin sari ba ne, garin otal ne da gidaje. Daga can sai ya hau jirgi a filin jirgin Gazipasa da ke kusa da Alanya ko ya yi tafiyar awa biyu a mota zuwa filin jirgin Antalya kafin ya isa inda kaya suke. Kwastomominsa kuma suna Kano. Shagon da mai shi ya bar wa yara ya koma wata ƙasa, kowa a Kwari ya san yadda yake ƙarewa.

Ga shi da naira yake ciniki, da lira za ku yi cefane, gida kuma da dala ko yuro ake yi masa kuɗi. Su ma suna fama da tsada, a Oktoban 2022 hauhawar farashinsu ta kai kashi 85 cikin ɗari. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a shekarar, mutanen ƙasashen biyu suka kwararo Antalya da Alanya, haya da kuɗin gida suka yi sama. Kuma ikamet ba ta ba mutum damar aiki, izinin aiki takarda ce daban.

Lauya a zaure:

Zan ƙara abu uku a kan na Hajiya, ki karanta wa Alhaji a tsanake.

Maganar haya ga 'yan yawon buɗe ido: daga 1 ga Janairun 2024, duk hayar da ba ta wuce kwana 100 ba sai da lasisi daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, kuma a yawancin benaye sai duk masu gidajen da ke ciki sun amince. Maƙwabci ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Wanda ya yi ba lasisi tara ce mai tsanani. Kuma ko kuna ciki ko ba kwa ciki, duk wata za ku biya aidat, kuɗin mai gadi da lifta da shara da wurin wanka, ga inshorar girgizar ƙasa ta dole da suke kira DASK.

Na biyu, abokiyar zamanki. Dokar Turkiyya tun 1926 mace ɗaya ta sani. A dokar baƙi, mai mata fiye da ɗaya, ɗaya kaɗai ake bai wa takardar zama ta iyali, ko da yake 'ya'yan sauran matan suna iya samu. Ke nan alƙawarin "daga baya ta biyo" ba shi da ƙafa ta wannan hanyar. Za a fitar da ita daga gidan mijinta zuwa haya, da yara biyu, a kan abin da ba lallai ya yiwu ba. Ke ce babba, haƙƙinta yana cikin abin da ya kamata ki faɗa masa, kuma ina ganin wannan zai fi taɓa shi a kan duk lissafin dala.

Na uku, in ma wata rana zai saya, kada ya tura ko sisi a asusun dillali. A ofishin tapu, wato ofishin rajistar filaye da gidaje, ake mayar da mallaka, da tafinta mai rantsuwa a wurin. Ya ɗauki lauyansa, ba wanda kamfanin ya kawo ba, a duba ko akwai bashi a kan gidan, a ga takardar iskan da ke nuna hukuma ta yarda a zauna a ginin.

Inna ta Damagaram:

'Yata, ni ban san Turkiyya ba sai a talabijin, amma na yi zaman baƙunta da miji. Ranar da ɗanki ya kwana da zazzaɓi, maigida yana Kano, wa za ki ƙwanƙwasa wa ƙofa, da wane yare? Biki, suna, rasuwa, duk a waya za ki riƙa ji. Mahaifiyarki in tana raye ki sa ta a lissafi. Ku yi istihara ku biyu, kuma ki jawo abokiyar zamanki cikin maganar tun yanzu, kada ta ji a bakin dillalan gida.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku. Jiya da dare na karanta masa duka, na fara da na Baban Yara kamar yadda ya ce kada in tunkare shi. Ya yi shiru da ya ji na Lauya. Ya kira dillalin ya tambaye shi maganar dala dubu 200 da rufe unguwar, sai mutumin ya hau kame-kame yana cewa akwai hanya. Yanzu dai ya ce gida ba za a taɓa ba. Amma har yanzu ransa na can, yana maganar ya kama haya na wata ɗaya ya gani da idonsa. Wane lokaci ya dace, kuma mu in za mu koma hutu da yara duka, yaushe ya fi?

Ɗalibi a Antalya:

Shi Alhaji ya zo a Janairu, ya kama ɗaki a cikin gari, ba otal ba. Ya yi cefane a kasuwar mako, ya hau dolmus, ƙananan bas ɗinsu, ya biya kuɗin wuta da hannunsa, ya leƙa makaranta ya tambayi kuɗi. Ya tabbata wanda zai ba shi ɗakin yana da lasisin da Lauya ya faɗa, kuma ya zo da rigar sanyi da lema.

Hutu da yara kuwa, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Oktoba ruwan teku yana da ɗumi har lokacin, cunkoso ya ragu, otal ya sauko, sai dai yara suna makaranta. In dogon hutun Agusta ne kawai ya samu, ku tsaya a otal ɗin halal, fita sai da sassafe ko bayan la'asar. Ku kai su Jar Hasumiya da Sarki Alaeddin Keykubad ya gina a 1226 a bakin tashar jiragen ruwa, ku hau keken igiya mai tafiya a sama zuwa tsohuwar ganuwar da ke kan dutse, kogon Damlatas yana nan kusa da inda ake hawa. In kun shigo Antalya akwai tsohon gari Kaleici da masallacin Yivli Minare, da ruwan Duden da ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. Ku fara neman biza da wuri, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ki taho da yajinki da daddawa da kuka, a Santambul ana samun kayan miyarmu wajen Aksaray, a Alanya da wuya.