Kuɗin jinyata zai yanke wata mai zuwa, ina da haƙƙin kuɗin rashin aiki a Jamus?

Baban Hafsat, Hamburg

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar aiki a nan Jamus. Shekarata 52, na daɗe ina aikin lodi da sauke kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Bara ƙashin bayana ya samu matsala har aka yi mini tiyata. Kamfani ya biya ni cikakken albashi na sati shida, daga nan inshorar lafiya ta karɓa tana ba ni kuɗin jinya, wato Krankengeld. Yanzu sun aiko da wasiƙa cewa ƙarshen wata mai zuwa sati 78 zai cika, kuɗin ya tsaya.

Alhamdulillah jiki ya yi sauƙi. Ina tafiya, ina tuƙi, sai dai har yau sujada a kan kujera nake yi. Likita ya ce zan iya aiki amma ban da ɗaga kaya masu nauyi. Da na je wurin shugabanmu sai ya ce ba su da aiki mara nauyi, ya miƙo mini takardar rabuwa da ɗan kuɗin sallama, wai in sa hannu mu rabu lafiya. Ban sa ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne: na ji an ce sai wanda ya yi aikin wata 12 ake ba kuɗin rashin aiki, ni kuwa kusan shekara ɗaya da rabi ina kwance. Ke nan na faɗi? Sannan takardar zamana za a sabunta ta baɗi, ina tsoron karɓar kuɗin hukuma ya ɓata mini lamari. Yara biyu gare ni a makaranta.

Maman Sadiq, Duisburg

Wa alaikumus salam. Sannu Baban Hafsat, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kar ka sa hannu a takardar nan. Duk wanda ya bar aiki da kansa, ko ya amince da rabuwa ba tare da dalili mai ƙarfi ba, ofishin ƙwadago, Agentur für Arbeit, yana iya dakatar da kuɗinsa na sati 12, kuma a rage masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon lokacin da ya kamata a biya shi. Rashin lafiya yana iya zama dalili, amma sai da shaidar likita, kuma gara ka tambaye su kafin ka sa hannu.

Batun wata 12 kuwa ka kwantar da hankalinka. Doka cewa ta yi wata 12 na biyan inshorar rashin aiki a cikin wata 30 da suka wuce, kuma lokacin da mutum yake karɓar kuɗin jinya yana shiga lissafi. Ɗauko takardar da inshorar lafiya ta aiko maka lokacin da suka fara biyanka ka duba, za ka ga ana cire na fansho da na rashin aiki daga ciki. Kana kwance, amma gudummawarka tana tafiya. Tunda ka haura 50, idan kana da wata 30 na inshora cikin shekara biyar da suka wuce, wata 15 za a biya ka. Mai yara yana samun kashi 67 cikin ɗari na albashinsa bayan cire haraji, marar yara kashi 60.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: ba sai an kore ka ba. Ko da kwantiraginka yana nan, matuƙar ba ka zuwa aiki kuma ba a biyanka, kana iya yin rajista.

Ɗan Damagaram

Yaya, Hajiya ta faɗi gaskiya, bari in ƙara maka wurin da ƙafa ke zamewa. Ofishin ƙwadago za su ba ka takardar tambayoyi kan lafiyarka, likitocinsu su duba. Idan suka ga za ka iya aikin aƙalla awa 15 a sati, to kai mai neman aiki ne kamar kowa, za a nema maka wanda bayanka zai ɗauka. Idan suka ga ba za ka iya ba har fiye da wata shida, akwai sashe na 145 na dokar inshorar rashin aiki, wanda ya ce a ci gaba da biyanka har hukumar fansho ta yanke hukunci, amma dole ka nemi a kai ka wurin farfaɗo da lafiya cikin wata ɗaya daga ranar da suka buƙace ka.

Kai ina ganin na farko ne naka. To ka kula da bakinka ranar hira. In ka ce awa 20 kawai za ka iya alhali da cikakken lokaci kake yi, kuɗin ma raguwa zai yi daidai da awannin. Idan likitanka ya yarda, ka ce a shirye kake ka yi cikakken lokaci a aiki mara nauyi.

Sai kuma batun lissafi. Kuɗin jinya ba albashi ba ne wajen lissafin abin da za a ba ka. Suna neman kwana 150 na albashi, in ba su samu cikin shekara ɗaya ba su koma baya shekara biyu. Kai yanzu kana da su. Wanda kwanakinsa ba su kai ba, sai a ƙiyasta masa gwargwadon takardar sana'a, kuma mu da muka zo ba mu da takardar koyon sana'a ta nan a matakin ƙasa ake sa mu.

Abu Zongo, Bremen

Baba, a kan takardar zama: kuɗin rashin aiki na inshora guminka ne, dokar zama ba ta lissafa shi a matsayin dogaro da hukuma. Wanda ke iya kawo cikas shi ne tallafin Jobcenter, wato ofishin da ke ba masu ƙaramin ƙarfi taimakon gwamnati. Sannan kamfanin naku, doka ta ɗora masa ya gayyaci duk wanda ya yi jinya fiye da sati shida a shekara a zauna a duba yadda zai dawo, ana ce masa BEM. Ka nema a rubuce. Akwai kuma komawa sannu a hankali, tsarin da ake kira da sunan garinku Hamburg, ka fara da 'yan awanni ana ƙarawa.

Baban Hafsat, Hamburg

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, lallai suna cirewa. Ranar Litinin zan je in yi rajista. Amma wa zai karanta mini takardar rabuwar? Jamusancina na wurin aiki ne, bai kai na doka ba.

Maman Sadiq, Duisburg

In kana cikin ƙungiyar ƙwadago ka kai musu, suna da lauyoyi. In ba ka ciki, akwai VdK da SoVD, ƙungiyoyin da ke taimaka wa membobinsu kan lamuran inshora da tallafin hukuma, kuɗin zama memba a wata ba shi da yawa. Duk wasiƙar hukunci da ta zo maka daga hukuma ka rubuta ranar da ka karɓa a bayan ambulan, domin wata ɗaya ne wa'adin ƙin amincewa.