Neman kalma: me za a ce wa mawaƙin da ba shi da ubangida?

Mai Fassara, Jidda: Assalamu alaikum. Gobe bayan Isha zan naɗi shirinmu na Facebook a kan Ani DiFranco, mawaƙiyar Amurka da aka haifa a Buffalo a 1970. Ita ke tsara waƙarta, ita ke kaɗa jita. Ta ƙi bin manyan kamfanonin faifai, ta kafa nata, Righteous Babe Records, a 1990. Turawa na ce wa irinta "independent folk singer-songwriter". Ina neman abin da zai fita a numfashi ɗaya.

Kawu, Makka: Wa alaikumus salam. Mawaƙiya mai zaman kanta, shi ke nan. Wane makaɗin baka ne ake rubuta wa waƙa? Wa ya taɓa miƙa wa Shata takarda?

Ɗan Mai Wurno: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a Sudan mun saba da rabon aiki: sha'iri daban, mai sa kari daban, fannani ya rera. Dole a nuna ita ta haɗa duka.

Malamin Hausa, Madina: Fannani kuma? A bar mana Larabci tukuna. Ni tuntuni na ƙirƙiro: ƙagi-rera, a kan tsarin faɗi-tashi.

Yaya Hajiya, Jidda: Malam, wannan ai sunan maƙaryaci ne. In ka ce ta ƙaga, masu sauraro sharri za su ji.

Malamin Hausa, Madina: Matsalar ke nan da waɗanda aka haifa a nan, Hausar ta tsaya a kasuwa.

Ɗan Mai Wurno: A'a Malam, a yi hattara. Kakanninmu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suke bakin Nilu, kuma har yau da Hausa muke yi wa yara faɗa. A'isha Fallatiya, mace ta farko da ta rera a rediyon Sudan a 1942, jininmu ce. "Malam" ɗin da ake kiranka ma daga ina ya zo?

Kawu, Makka: Ku bar wannan. 'Yata, duba rabon da muka gada: Narambaɗa makaɗin fada ne, yana da sarki. Ɗan Maraya Jos kuwa daga shi sai kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana waƙar karen mota da talaka. Matar nan layinsa take, kamfanin faifai shi ne fadar da ta ƙi.

Mai Fassara, Jidda: To "folk" ɗin fa? Gargajiya?

Yaya Hajiya, Jidda: Ki ce gargajiya, su zata kalangu. Waƙar jama'a ta fi.

Mai Fassara, Jidda: Na ɗauka: "mawaƙiyar jama'a mai zaman kanta, mai tsara waƙarta da kanta". Numfashi biyu ne, amma ba komai. Na gode Kawu.

Malamin Hausa, Madina: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ni dai ɗalibaina ƙagi-rera za su rubuta.