Bayan an rufe ramin kwal, wa gwamnati ta tuna da shi?

Direban tifa, Mpumalanga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 na yi ina ɗaukar kwal daga mahaƙa zuwa tashoshin wuta a nan Afirka ta Kudu. A watan Oktoba 2022 aka kashe tashar Komati. A rediyo muka ji cewa Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don a mayar da wurin na hasken rana da batura. Ma'aikatan dindindin an rarraba su wasu tashoshi. Mu 'yan kwangila kuwa, takarda ɗaya kamfanin da ya ɗauke mu ya miƙo mana, aka ce kowa ya ajiye makulli. Tsohuwar da nake haya a gidanta ɗaki shida gare ta, cikin wata uku huɗu suka zama wayam. Ita a wane lissafi take? Don Allah wanda ya ga irin wannan a inda yake, ya faɗa mana yadda aka yi.

Dattijo daga Bottrop, Jamus:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Ni shara na yi a ɗakin da mahaƙa ke canza kaya, inda kowa yake zuba tufafinsa a kwando ya ja sarƙa ya rataye shi can saman rufi. Da idona na ga kwandunan suna raguwa shekara bayan shekara, har ranar 21 ga Disamba 2018 da aka rufe mahaƙarmu ta Prosper-Haniel, aka miƙa wa shugaban ƙasar Jamus Steinmeier dunƙulen kwal na ƙarshe. Ƙarti majiya ƙarfi sun zubar da hawaye ranar.

Amma ka lura, tun 2007 aka tsayar da shekarar rufewar. Shekara 11 ana shiri. Wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin ƙasa, in ya kai 50 yana iya ajiye aiki, gwamnati ta riƙe shi da alawus har ya isa fansho. Matasa aka koya musu wata sana'a. Ni da nake ƙarƙashin kamfanin shara wannan alawus bai shafe ni ba, sai dai tun da wuri na san ranar, na nemi aiki a asibiti kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A ganina lokacin nan da aka ba mu ya fi kuɗin daraja.

Malamar makaranta, Colorado:
Baba, gaskiya ka faɗa. Mu a Amurka jiha ce ta ɗauki nauyin. A 2019 majalisar Colorado ta kafa ofishi na musamman don ma'aikatan kwal da garuruwansu, a 2021 ta ware masa dala miliyan 15. Abin da mutane ba sa hangowa shi ne haraji. A gari irin Craig, tashar wuta da mahaƙai ne ke biyan kaso mai tsoka na harajin kadara, daga nan makaranta da 'yan kwana-kwana ke samun nasu. Wata uwa ta riƙe hannuna a bakin aji ta ce in faɗa mata gaskiya, ta sayar da gida tun yana da daraja ko ta jira? Na rasa ta cewa.

Ma'aikaciyar jinya, Asturias:
A Sifaniya an yi yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago kan rufe mahaƙan kwal a Oktoba 2018, Yuro miliyan 250, mai shekara 48 zuwa sama ya yi ritaya da wuri. Dattawan da nake dubawa fanshonsu na shigowa daidai. 'Ya'yansu ne suka watse birane, ranar Lahadi a waya kawai ake gaisawa.

Direban tifa, Mpumalanga:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama, tambayata gare ki: a tsarin jiharku, direban da kamfanin kwangila ya ɗauka yana cikin waɗanda ake kira ma'aikatan kwal, ko sai wanda sunansa ke takardar albashin mahaƙar? Akwai zama da za mu yi da 'yan ƙungiya, ina so in je da magana a hannu.