Yaran da muke wa lesin ɗin korona sun ƙi buɗe baki da Turanci

Ɗan Kurna:
Slm jama'a. Dan Allah malaman firamare na gidan nan ku ba mu shawara. Tunda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona ga ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ma ta tafi yajin aiki kan IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, mu 'yan MSS (ƙungiyar ɗalibai Musulmi) na unguwarmu muka ga zaman banza ya yi yawa, sai muka roƙi mai unguwa ya ba mu zaure muna tara yara 'yan aji 3 zuwa 6 da safe, Ƙur'ani da lissafi da Turanci, kyauta. 'Yan SS3 sun koma saboda WAEC da za a fara 17 ga Agusta amma ƙananan har yanzu suna gida. Matsalar ita ce in ka rubuta a allo ka ce su maimaita, zauren har girgiza yake, amma ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi sunansa da Turanci sai ya sunkuyar da kai kaman ka kama shi da laifi, wasu ma rubutunsu tsaf. Me ke jawo haka?

Malama Uwani:
Wslm, Allah ya saka muku ƙanena. Ni firamaren gwamnati nake koyarwa kuma wlh abin da ka faɗa shi muke gani kullum. Hadda suka iya, ba magana ba. Tsarin ilimin da ake bi a 2020 ya ce a koyar da harshen gida daga aji 1 zuwa 3 sannan a koma Turanci a aji 4, to a aikace malamin da kansa Hausa yake yi har aji 6, ya karanta littafi da Turanci ya fassara shikenan, yaro ya koma gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa, a ina zai ji ana hira da shi? Sannan ga dariya. Yaro ya faɗi p a wurin f duk ajin ya fashe, gobe ko da kuɗi ba zai sake ɗaga hannu ba, alhali ba laifinsa ba ne, bakinmu bai saba raba su ba. Ku fara hana dariyar tukun. Ku haɗa su bibbiyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye, omo da sukari da ashana, kuma kar ku tsayar da yaro yana tsakar magana don gyara, ku bari ya kai aya.

Abu Hanifa:
Ni dai tambayata yara nawa kuke cusawa a zauren? Cutar nan gaskiya ce, mun ga mace-macen da aka yi a Kano cikin Afrilu. A raba su kashi-kashi, a sa bokiti da sabulu a bakin ƙofa, in da hali a fito tsakar gida.

Injiniya_Zariya:
Ku sa tarar banakula kawai, duk wanda ya yi Hausa naira goma. Mu haka aka yi mana kuma ga mu.

Malama Uwani:
Haba Injiniya, ku nawa ne kuka iya a ajin naku? Tara shiru take koyarwa, yaron sai ya kulle bakinsa har a tashi don kar a ci kuɗin karin kumallonsa. Kuma a wannan tsadar wane uba ne zai biya? Ai a Islamiyya da hiwar, wato hira tsakaninsu, suke kama Larabci ba wanda ya ci su tara.

Ɗan Kurna:
Mun gode sosai. Yaya Abu Hanifa rukuni biyu muke yi kuma akwai bokitin, takunkumin ne yaran ba sa bari a fuska. Malama gobe insha Allah za mu gwada na shagon. Su kuma 'yan matan da ko muryarsu ba ma ji, a ware musu malama mace ne ko a bar su tare?