Tambaya kan sayen abin sha na suna a kantin da ke sayar da giyar tuffa

Baban Khadija, Surulere

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Legas. A kan layinmu akwai wani kanti da yawancin kayansa giya ce irin wadda ƙananan masana'antu suke dafawa, da kuma kwalaben tuffa na ƙasashen waje, amma a gefe guda yana da firji cike da lemuka waɗanda ba a samunsu a sauran shagunan unguwa. Allah Ya azurta mu da haihuwa, kuma ranar suna ina sa ran abokan aikina Yarabawa da Ibo za su zo tare da 'yan'uwa daga Agege, shi ya sa nake son in ajiye wa baƙi abin sha da ya ɗan bambanta da wanda aka saba. Yarinyar da ke tsaron kantin ta nuna mini kwalabe iri-iri masu hoton tuffa, duk an rubuta cider a jikinsu, ta ce wasu suna da barasa, wasu kuma ba su da ita. Ta yaya mutum zai bambance su da kansa ba tare da ya dogara da bakin mai sayarwa ba? Waɗanda aka rubuta wa 0.0 kuma, mene ne matsayinsu? Sannan ina neman shawara a kan ko ya dace ma in yi sayayyar a irin wannan kanti.

Ɗan Jos, Ikeja

Barka da arziki, Baban Khadija, Allah Ya raya. Ni Kirista ne, kuma na yi aikin kula da sito a wani otal, don haka zan amsa ɓangaren kwalba, in bar ɓangaren addini ga masu shi.

Abin da Turawan Ingila da mutanen Afirka ta Kudu suke kira cider ruwan tuffa ne da aka matse, aka bar yisti ya cinye sukarin da ke cikinsa ya mayar da shi barasa, kamar dai yadda ake yi wa dawa a tukunyar burkutu. Galibi ƙarfinsa yana tsakanin kashi 4 da kashi 6 cikin ɗari, wato daidai yake da giyar Star, sai dai zaƙinsa da ƙamshin tuffa suna ɓoye barasar, har wanda bai sani ba ya ɗauka lemo yake sha. Savanna da Hunter's na Afirka ta Kudu, da Strongbow na Ingila, da Somersby na Denmak, da Kopparberg na Suwidin, asalinsu duk giya ne. Ruɗanin yana zuwa ne daga Amurka, inda ake sa wannan suna a kan ruwan tuffa da ba a tsima ba, irin na kamfanin Martinelli's da ke Kalifoniya, kuma masu shigo da kaya suna jera su duka a kanta ɗaya.

Saboda haka kada ka dubi hoton da ke gaban kwalba, ka nemi lambar da ke gaban alamar kashi cikin ɗari, wadda akan rubuta tare da haruffan ABV ko vol, sau da yawa da ƙananan haruffa a ƙasa ko a bayan kwalbar. Idan ka ga 4.5 ko 5 ko 6, giya ce ba tantama. Idan ka ga 0.5, galibi an dafa giya ne aka cire mafi yawan barasar, domin a Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda a kira abin da bai kai rabin kashi ɗaya ba marar barasa. Wanda aka rubuta wa 0.0, kamar na Heineken, shi ma giya aka fara dafawa sannan aka janye barasar, kuma kamfanin da kansa ya ce abin da ya rage bai wuce kashi 0.03 ba. Wannan daban yake da Maltina da Malta Guinness, waɗanda ba a barinsu su tsima tun farko, kuma daban yake da Appletiser, wanda ruwan tuffa ne zalla da aka sa wa gas.

Giyar ƙananan masana'antu kuwa, irin ta Bature Brewery da ta fara a Abuja kafin ta dawo Victoria Island, ita ce ta fi rikita sabon shiga, saboda gwangwanayenta suna zuwa da zane-zane masu launi da sunayen 'ya'yan itatuwa ko kofi, alhali wasunsu sun fi giyar manyan kamfanoni ƙarfi. Kome ka ɗauka a ƙarshe, ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da zai lalace, domin kayan waje masu tsada ba sa saurin fita, kuma firjin da wuta ke ɗauke masa kullum ba ya riƙe abin sha yadda ya kamata.

Maman Hanif, Idi-Araba

Barka, Baban Khadija, a gaida mai jego. Bayanin Ɗan Jos ya gamsar, amma akwai abin da lambar kwalba ba za ta magance maka ba, wato idon mutane. Ka ce 'yan'uwa za su zo daga Agege, kuma ka san a cikinsu akwai dattawa da malaman da za su yi addu'a, waɗanda babu wanda zai juya kwalba ya karanta ƙananan haruffa. Idan suka ga koriyar kwalba mai dogon wuya a kan tabarma, ko suka ji an ga yaronka yana fitowa daga wancan kanti da katan a ka, labarin da zai isa gida ba zai zo da bayanin 0.0 ba.

A ganina kuma asarar kuɗi ce. Kantin unguwa irin wannan ɗai-ɗai yake sayarwa ga masu sha, ribarsa a kan kowace kwalba take, kai kuma taro za ka ciyar. A kasuwar Oke-Arin da ke tsibirin Legas ana sayar da Eva da Pure Heaven da Fayrouz katan-katan, sai dai can ma a buɗe ido da jabu. Abokan aikin naka kuwa, in dai irin nawa ne, zoɓo mai citta da kanumfari da kunun aya mai sanyi za su fi nema a gidan Bahaushe, tunda lemun kwalba suna da shi a gidajensu. Kunun ayar dai a yi shi da asubar ranar a sa a ƙanƙara, domin zafin Legas ba ya barinsa ya kai yamma. Idan kuma wani ya ba ka shawarar a haɗa Chapman, wato haɗin lemuka da 'ya'yan itatuwa, ka gaya wa mai haɗawa kada ya ɗiga Angostura, saboda wannan ƙaramar kwalbar tana da barasa sama da kashi 44 cikin ɗari, kuma da yawa daga masu shan Chapman ba su san da ita ba.

Malamin Islamiyya, Agege

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a rayuwar jaririn. Ɗan'uwa, game da giyar tuffa mai kashi 4 ko 5 babu saɓani, domin hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma ba a duba ko daga inabi aka yi shi ko daga tuffa ko daga dawa. Ruwan tuffa da bai tsima ba halal ne, ko da wane suna aka rubuta masa.

Inda malaman zamani suka rabu shi ne abin da aka fara dafawa a matsayin giya sannan aka cire barasar. Wasu suna ganin tunda ba ya bugarwa kome yawan da aka sha, hukuncin ya faɗi, wasu kuma suna hanawa saboda asalinsa da kuma kamanceceniya da mashaya. Tunda ba lalura ce ta kai ka ba, kuma za ka miƙa wa mutanen da ba za ka iya tambayar kowannensu ra'ayinsa ba, ni ina ganin ka bar shi. Sayen halal daga hannun wanda yake sayar da haram ciniki ne ingantacce, in ba haka ba da zaman Legas ya gagare mu, tunda manyan kantunan Ikeja da Lekki duk suna da sashen giya. Sai dai akwai bambanci tsakanin kantin da giya wani ɓangare ce a cikinsa da wanda ita ce sana'arsa, kuma na layinku, yadda ka siffanta shi, daga kashi na biyu yake.

Ɗan Jos, Ikeja

Ƙari kaɗan a kan maganar Maman Hanif, tunda ta ambaci citta. A irin waɗannan kantuna za ka ga lemun citta na kwalba, wanda mafi yawansa ba shi da barasa, amma Crabbie's na Birtaniya yana da ita. Haka nan Snapp da Smirnoff Ice da Star Radler, waɗanda ake samu har a shagunan da ba su da alaƙa da giyar waje, duk suna da barasa duk da zaƙinsu. Idan yaro za ka aika ko ina ne, ka rubuta masa sunan abin da kake so a takarda, ka ce masa idan babu shi ya dawo da kuɗin, kada ya karɓi madadi.