Abin da na tsinta a hirarmu kan riƙe bangaskiya a Saudiyya

Daren Alhamis mun zauna mu ƴan Katolika kaɗan da ke aiki a Dammam, wata ƙanwarmu da ta zo kwanan nan daga Kafanchan ta ce ita fa zuciyarta ta bushe, wata huɗu ba Misa (babbar sujadarmu ta Katolika) ba coci, Lahadi ma ranar aiki ce a nan. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Wata mama nas ta ce ƴata, addu'ar Rosari ba sai da carbi ba, yatsunki goma sun isa, ita a bas ɗin asibiti take yin nata da asuba. Wannan ta fi shiga raina wallahi. Wani ya ce a ware safiyar Juma'a tunda hutu ne, a karanta karatun Lahadi a bi Misa ta waya, amma a tashi a yi wanka a zauna da kyau, kar a bi ta a kwance kan katifa.

Maganar ikirari (furta zunubi gaban fada) da karɓar Jibin Ubangiji ce ta fi cin lokaci, tunda sai da fada ake yin su. Aka ce a riƙa zuwa Bahrain tunda tana nan kusa, gadar Sarki Fahad da ta haɗa ta da Saudiyya kilomita 25 ce, akwai babban cocin Our Lady of Arabia a Awali da aka buɗe a 2021. A tara kuɗin mota, a duba biza tun da wuri, ko Ista da Kirsimeti kawai.

Sannan a kiyaye dokar ƙasa, addu'a a ɗaki, ba ɗaga murya. Mama ta karɓi lambar yarinyar, duk Laraba za su yi Rosari tare ta waya.