Me kuke saurare a 'yan kwanakin nan? Ni dai kuntigi ya kama ni

Telan Wunti:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, duk wanda ya san sana'armu ya san halin da muke ciki. Shagona yana kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi, kekuna huɗu, ni da yarana uku. Tun ranar Litinin babu wanda ya kwana gida a cikinmu. Ga shadda nan jibge a kan teburin yanka, kowace da sunan mai ita rubuce da alli, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce tasa ce ta gaggawa. Idan dare ya raba, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, a lokacin ne ido ke fara yaji, hannu ya yi nauyi, kuma a nan ake ɓata wuyan riga. Abin da ke riƙe mu a wannan tsakanin, shayi ne da waƙa.

Muna da 'yar MP a shagon, rataye a ƙusa kusa da madubi. Yaran suka saba juya ta, ni ba na hana su. Waƙoƙin zamani suke sakawa, ana yi ana gyaɗa kai, aiki na tafiya.

To daren Laraba aka ɗauke wuta, man janareto kuma ya ƙare, ga shi dare ya yi nisa ba inda za a samo. Sai na janyo tsohon keken ƙafana, Butterfly, wanda na koyi ɗinki a kansa, ƙaramin yaron ya riƙe mini tocilan. Cajin MP ya yi ƙasa, muka rage murya. Ana cikin haka memori ya faɗo kan Ɗan Maraya Jos. Na san waƙoƙinsa tun ina yaro, wa bai sani ba? Amma wallahi ban taɓa jin kuntigi ba sai a daren nan. Kullum cikin ƙarar janareto da kekunan wuta nake jin sa, muryar kawai ke fitowa. A ranar da shagon ya yi tsit, sai na ji abin da hannun mutumin ke yi. Tsarkiya ɗaya tal, a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fatar akuya. Ba 'yan amshi, ba masu ganga a baya, shi kaɗai da ɗan abinsa. Amma tsarkiyar nan tana gudu, tana tsayawa, tana ba shi amsa kamar mutum na biyu. Ban ankara ba sai na ga ƙafata a kan keke ta ɗauki takun kiɗan, allura na sauka daidai da shi. Na gama hannun kaftani biyu ban san na gama ba.

Waƙar Karen Mota ce. Yaron da ke riƙe mini tocilan, kafin a kawo shi wurina ya yi shekara biyu yana bin wata babbar mota tsakanin Bauchi da Jos. Sai na ga hasken ya fara karkacewa daga kan allura. Na ɗaga kai, ashe ya tafi can cikin waƙar. Ya ce, "Maigida, wannan mutumin ya taɓa bin mota ne?" Na ce masa ban da amsar wannan, amma dai shi ma maraya ya tashi a Bukuru, daga nan sunan ya samo asali, kuma yawancin waƙoƙinsa na talaka ne da wahalarsa. Ya ce a maimaita. Sau uku muka ji kafin cajin ya mutu.

Tun daga ranar, Ɗan Maraya nake ji, Allah ya ji ƙansa. A 2015 ya rasu, ga Jos nan kusa da mu, ban taɓa tashi na je na gan shi da idona ba, abin yana damuna yanzu.

To tambayata ita ce, ku me kuke saurare a 'yan kwanakin nan, kuma me ya kama ku a ciki? Ku ba ni sunaye, gobe in aika wurin mai tura waƙoƙi ya cika mana memori. Musamman ina neman irin wanda kayan kiɗansa ba su da yawa, wanda za ka ji hannun mai kiɗan.

Direban Tashar Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam Tela, Allah ya ba da sa'ar aiki. Ni daga Gombe nake lodi zuwa wurinku, wata rana sawu biyu. Direba ba ya saka abin da ransa ke so kawai, sai ya dubi waɗanda ya ɗauko. Ƙa'idata ita ce, in mun tashi da sassafe karatun Alƙur'ani nake sakawa har mu wuce Alkaleri. In rana ta ɗaga, mutane sun fara hira, sai in kawo Shata. Ban taɓa saka Shata wani ya ce in kashe ba, malami ko ɗan boko, Bafulatani ko Batangale.

Watan nan Bakandamiyarsa nake ta juyawa. Ka ce kana son jin hannun makaɗi, to ka sa kunne ga kalangun da ke bayan Shata, ka bar muryar tukuna. Kalangu a hammata ake matse shi. In ka matse tsarkiyoyin jikinsa fatar ta ɗaure, sauti ya hau sama, in ka saki ya sauko. Shi ya sa yake iya faɗin magana, domin Hausa ma hawa da sauka ce. Akwai wuraren da Shata zai yi shiru, kalangun ya ƙarasa masa zancen. Asali kiɗan mahauta ne, amma dubi inda mutumin Musawa ya kai shi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta a 1988. Ya rasu tun 1999, amma yaran da aka haifa bayan rasuwarsa ina jin su suna amshi a kujerar baya.

Ranar Asabar na ɗauko wata dattijuwa za ta Bauchi duba jikarta. Muna hawa gadar Dindima ta taɓo kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, mayar da ita baya." Na mayar. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka shiga gari, sai dai ina hangen ta a madubi tana buga yatsa a kan ƙullin kayanta.

Tunda mai kayan kiɗa kaɗan kake nema, ka ce a tura maka Haruna Uji na Haɗeja. Gurmi yake kaɗawa, tsarkiya biyu. In dare ya same ni a hanya shi ne abokin tafiyata.

Mai Lallen Pantami:

Sannunku da hira. Yaya Tela, labarin yaronka ya taɓa ni. Amma na lura da ku maza, in aka ce a lissafa mawaƙa sai ku jero maza zalla. Ina kuka bar Barmani Choge?

Ni ƙunshi nake yi a gida, kuma mu ma Sallah ta taso mu. Mace za ta zauna awa biyu, uku, hannu da ƙafa a miƙe ba ta iya taɓa ko wayarta, dole a sama mata abin da zai ɗebe mata kewa. Da na saka Barmani sai tsakar gidan ya canza. Ƙwarya ce fa kawai, wata a kife a ƙasa, wata a kife a kan ruwa, ana buga su da 'yan sanduna. Wannan amadar kiɗanmu ne na cikin gida, na suna da biki, iyayenmu sun yi shi tun kafin a san rediyo. Ita ce ta fito da shi fili daga Funtuwa har duniya ta ji. Abin da nake so da ita, tana faɗa wa mace ta tashi ta nemi na kanta, kar ta zauna sai an ba ta. Ni da nake ciyar da 'ya'yana da wannan lallen, in na ji ta sai in ji da ni take. A 2013 ta rasu, har yau ban ga wadda ta maye gurbinta ba.

Sai dai kar ka ƙwace wa yaranka MP ɗinsu don ka gano kuntigi. Na zamanin ma akwai masu magana. Ka zauna ka saurari Nura M. Inuwa da kyau, ka ji yadda yake saƙa kalma, ba soyayya kaɗai yake yi ba, yana taɓa maraici da zaman duniya. Kuma amaren da nake yi wa ƙunshi har gobe suna tambayar Jarumar Hamisu Breaker, wadda ta fito a 2020 lokacin kullen korona. Ku raba dare, rabi naka rabi nasu.

Ɗan Gwallameji:

Baba Tela, ni ɗalibi ne, ina karatun jarrabawa, nawa daban ne da na kowa. Jitar Buzayen Nijar nake ji, Mdou Moctar da Bombino, sai Tinariwen na Mali waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012. Da Tamashek suke waƙa, ba na jin ko kalma ɗaya, shi ya sa ba sa ɗauke mini hankali daga littafi. Amma kiɗan bai yi mini baƙo ba ko kaɗan, yadda suke juya abu ɗaya suna ta maimaitawa yana ƙara zafi, kamar gurmi aka sa wa wuta. Mdou da hagu yake kaɗawa, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Ta memori da wayoyin hannu waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa, irin yadda za ka aika a tura maka gobe. Ka gwada wajen ƙarfe biyu, barci ba zai zo ba.

Tsohon Malami, Azare:

Malam Tela, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na karanta bayaninka sau biyu. Abin da ya same ka a daren nan ba komai ba ne illa shiru da ka samu. Mu da muka tashi ana kunna rediyo mai batir a zaure, mutum goma a kewaye ba mai tari, haka muke jin waƙa.

Shekara talatin da biyar na koyar da Hausa, yanzu ido ya yi rauni, kunne nake amfani da shi. Bayan la'asar Narambaɗa nake ji, da Musa Ɗanƙwairo. Kotso suke kaɗawa, kiɗan fada, da hannu ake buga shi ba da sandar kiɗa ba. Hausarsu ta Sakkwato da Zamfara ce, da farko za ta yi maka nauyi a kunne, mu nan gabas ba haka muke magana ba. Ka daure. Ɗanƙwairo in ya ɗauko baiti, 'yan amshinsa ba maimaitawa kawai suke yi ba, karɓa suke su ƙara, ya sake karɓewa, kamar masu saƙa biyu a kan zare ɗaya. Kai da ke tela za ka gane wannan fiye da ni.

Sannan ina yi maka tuni da na gida. Kana zaune a garin Sa'adu Zungur. Shi ba makaɗi ba ne, rubutawa yake yi, amma rubutacciyar waƙa don a rera ta aka yi ta, ba don ta kwanta a takarda ba. Ya rasu a 1958, kafin a samu 'yancin kai, amma wanda ya ji Arewa Jamhuriya ko Mulukiya yau zai ce jiya aka rubuta. Nakan sa jikata ta karanta mini, ni kuma in gyara mata karin, don in aka karanta ta kamar labarin jarida an kashe ta. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya. Wannan ko da asuba ta gabato kana iya barin ta a kunne, ba za ka ji nauyi ba.

'Yata mai lalle ta yi gaskiya, na zamani akwai masu fasaha, Aminu Ala yana cikinsu, ya san ƙafiya ya san ma'auni. Damuwata ɗaya ce. Yanzu fiyano guda ke yin kalangu, ta yi goge, ta yi algaita. A unguwarmu akwai wani mai kukuma, da can ba a biki sai da shi. Bana ko sau ɗaya ba a kira shi ba, DJ ake ɗaukowa. Ɗansa ya ƙi koya, kuma ban ga laifinsa ba, da me zai ci? Rannan na same shi yana canza izgar kukumar, na ce wa zai yi wa kiɗa, ya ce kar dai ta lalace a rataye.

Telan Wunti:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na aika an turo Haruna Uji, Barmani, Ɗanƙwairo da Bakandamiyar Shata. Hajiya, na bi shawararki, daga isha'i zuwa sha biyu nasu ne, daga nan zuwa kiran sallar farko nawa. Jiya da Barmani ta shigo, babban yarona ya ce muryar ta tuna masa da bikin sunan ƙanwarsa a Darazo, har ya tashi ya kira mahaifiyarsa da safe.

Ɗana na Gwallameji, mai tura waƙar bai gane sunan Buzun nan Mdou Moctar ba, in ka shigo gari ka biyo ta Wunti ka tura mana da wayarka, akwai shayi.

Baba Malam, maganar mai kukumar nan ta hana ni sukuni. Ƙanena zai yi aure bayan Sallah da sati uku, kuma ni ne babba a hidimar. Don Allah ka tambaye shi ko zai iya zuwa Bauchi, kuɗin mota da masauki a kaina. Ka kuma auno mini tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, akwai ragowar farar shadda yadi biyar a nan da ba ta da mai ita.